Yadda Ƙaramar Kwamfuta Ta Yi Magana Ta Waya: Misali Daga Noman Ranin Kura

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a yi wa mai karatu bayanin yadda ƙananan kwamfutocin gida na farkon shekarun 1980 suka riƙa magana da manyan kwamfutoci ta wayar tarho, alhali kuwa ƙwaƙwalwarsu ba ta taka kara ta karya ba. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan fage? Amsar tana tafe, domin tsimin wurin da aka yi a wancan zamani har yau yana taɓa rubutun Hausa. Da yake kuma ni mutumin Kura ne, a bakin kanal na tashi, zan riƙa jawo misalaina daga noman rani.

Kafin kwamfuta ta shiga gidaje, babbar na'ura ce mai cika ɗaki a jami'a ko banki. Mai aiki da ita yakan zauna nesa, a gaban wata na'ura da ake kira taminal, watau allo da madannai kawai. Abin da ya danna ya tafi, abin da aka aiko ya bayyana. Mafi shahara a cikinsu ita ce VT100 ta kamfanin DEC, wadda ta fito a 1978, mai ɗaukar layi 24, kowane layi haruffa 80. Da ƙananan kwamfutoci suka samu, sai aka rubuta musu manhajar da za ta sa su kwaikwayi taminal, aka haɗa su da modem, na'urar da ke mayar da haruffa su zama ƙara don su bi waya. Modem ɗin gida na lokacin yana aika bit 300 a daƙiƙa. Kowane harafi yana cin bit 10, takwas nasa, biyu na alamar farawa da tsayawa, ke nan haruffa 30 a daƙiƙa.

Ana auna ƙwaƙwalwa da bayit, kuma bayit ɗaya wurin harafi ɗaya ne. Sinclair ZX81 ta Ingila, ta 1981, bayit 1,024 gare ta. VIC-20 ta kamfanin Commodore, in an kunna ta, bayit 3,583 take bar wa mai ita. Rubutun nan da mai karatu ke dubawa ya haura haruffa 5,000, saboda haka ba zai shiga cikinta ba. Commodore 64 ta 1982 ita ce mai yalwa, bayit 65,536, amma 38,911 ne ke saura ga mai rubuta manhaja da harshen BASIC. A cikin wannan ɗan fili ne manhajar za ta zauna, kuma a cikinsa za a sauke baƙin haruffan da ke shigowa.

To, a nan ne misalin namu zai yi amfani. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Ruwa yakan taso daga Tiga, ya ratsa Ruwan Kanya, ya bi babban kanal, ya rabu reshen gabas da na yamma. Ruwan nan ba ya barci, amma manomi yana barci. Domin haka ne masu tsara aikin suka haƙa tafkuna inda ruwan dare zai kwana, da safe a buɗe shi ya shiga fangali. Haka yake ga kwamfuta. Haruffa suna kwararowa ba tare da sun jira ta gama zana na baya a allo ba, sai an tanadar musu matattara. A VIC-20 da Commodore 64, da zarar an buɗe hanyar modem, na'urar takan yanki bayit 512 daga saman ƙwaƙwalwa, 256 na abin da ke shigowa, 256 na abin da ke fita. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: tafki mai bayit 256, ana zuba masa 30 a daƙiƙa, bai kai daƙiƙa tara zai cika ba. In ya cika kuwa, abin da ya ƙaru ambaliya ce, haruffa su zube, kuma wanda ya aiko bai san an yi ba.

Maganin ambaliya shi ne ƙofar ruwa. A jerin lambobin haruffa akwai guda biyu da ba sa bayyana a allo: lamba 19, da ake kira XOFF, ma'anarta "dakata", da lamba 17, XON, ma'anarta "ci gaba". In manhaja ta ga tafki ya kusa cika sai ta aika ta 19. Sai dai wanda ya taɓa ban ruwa ya san ko an rufe ƙofa a sama, ruwan da ya riga ya shiga kanal sai ya iso. Manhajar da ta jira sai tafki ya cika maƙil kafin ta ce a dakata, ta makara. A nan ake gane gwanin mai rubuta manhaja, a ganina, domin in ya yi saurin rufewa ya ɓata lokacin waya mai tsada, in ya yi jinkiri ya yi asarar saƙo.

Wata matsalar kuma ita ce ta kwashewa. Ko da VIC-20 ta ba da ƙwaƙwalwarta duka ga saƙo, minti biyu zai cika ta. Dole a juye abin da aka tara a kaset ko faifai, alhali waɗannan na'urori na Commodore ba sa iya sauraron modem sosai a lokacin da suke rubutu a kaset ko faifai. Sai an tsayar da mai aikowa, a juye, sannan a ce ya ci gaba.

Wayar tarho kuma tana da ƙugi da tsatsa, kuma ƙara kaɗan kan sauya harafi. A 1977 wani Ba'amurke mai suna Ward Christensen ya fito da dabarar da aka sani da XMODEM. Maimakon a saki saƙo kamar kanal, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace bayit 128, a tara lambobinta a liƙa jimlar a ƙarshe. Mai karɓa ya sake tarawa; in jimla ta yi daidai ya ce a kawo ta gaba, in ta saɓa ya ce a maimaita. Wannan ban ruwa da jigo ke nan, guga ɗaya bayan ɗaya, ba a jefa na biyu sai na farko ya shiga fangali. Yana da nawa, amma ba ya bukatar babban tafki. Kermit, wadda Jami'ar Columbia ta Amurka ta fitar a 1981, ita ma a kan wannan turba take.

Allo ma da tasa rigimar. Babbar kwamfuta tana aiko layi mai haruffa 80, VIC-20 kuwa 22 take ɗauka, Commodore 64 kuma 40. An yi manhajojin da ke matse haruffa su zama sirara har 80 su shiga, amma wannan kan lashe bayit 8,000.

Yanzu sai mu dawo gida. Jerin lambobin da waɗannan na'urori ke magana da shi sunansa ASCII, an kafa shi a Amurka a 1963, da bit bakwai, watau gurbi 128 kacal. An cika guraben da baƙaƙen Ingilishi da alƙaluma da alamomi. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, haruffan da rubutun boko ya karɓa tun shekarun 1930. Mai Commodore 64 yana iya zana wa kansa ƙ mai lanƙwasa, domin kowane harafi bayit 8 ne a zane, ko da yake kwafo jerin duka cikin ƙwaƙwalwa zai ci masa 2,048. To amma siffar harafi ba ta bin waya, lambarsa ce ke tafiya. Ya ga ƙ a allonsa, abokinsa ya ga wata alama dabam a nasa. Mafita mafi sauƙi ita ce a yar da lanƙwasa, kuma da an yar da ita, baki da baƙi sun zama ɗaya, fada da faɗa sun zama ɗaya, ƙura kuwa ta koma sunan garinmu.

A Nijeriya wannan sana'a ta kiran kwamfuta ta waya ba ta yaɗu a gidaje ba, domin layukan tarho na ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan wayar salula ta GSM a 2001. Mafi yawan mutanen Kura ta wayar hannu suka fara aika rubutu ta iska. Kafin nan, tsarin Unicode na 1991 ya riga ya ba haruffanmu masu lanƙwasa lambobinsu, sai dai a tsarin UTF-8 kowannensu bayit biyu yake ci, inda a ko b ke cin ɗaya.

Gajeren saƙon waya kuwa ya gaji tsimin da. Bayit 140 aka ware masa, wanda ke ɗaukar haruffa 160 in an rubuta da jerin GSM mai bit bakwai. Wannan jeri yana da haruffan Jamusanci da Faransanci da wasu na Girkanci, amma ba shi da namu. Da dillalin tumatir a Kwanar Gafan zai rubuta "farashi ya ƙaru" da ƙ ta gaskiya, wayar za ta sauya saƙon dukansa zuwa tsari mai bit 16 ga kowane harafi, gurbinsa ya faɗo daga 160 zuwa 70, saƙon da zai tafi a ɗaya ya rabu biyu ko uku, a caje shi kuɗin kowanne.