Zanen gadon Sallah da tsoron ɗinki mai ciko

Da watan Sha'aban ya kama, matan da ke ɗinki a gida a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu sukan fara lissafin kayan Sallah, kuma zanen gado yana cikin lissafin. Akwai wanda ake yayi, mai ɗan kauri, da ake haɗa yadi biyu a sa ciko a tsakani, a bi shi da layukan ɗinki har ya yi gida-gida. Mata da yawa na sha'awarsa a waya, amma da an ce su gwada sai ka ji, "Wannan ai sai 'yan kamfani."

Ba haka ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Dutse da ke Garu, ko a Kano, ya ga dawaki sanye da kayan ado, kuma a cikin kayan dawakin ƙasar Hausa babu wanda ya kai lifidi tarihi. Shi lifidi ba komai ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa auduga, sau da yawa ta rimi, aka ɗinke layi-layi don kada cikon ya taru wuri ɗaya. Tsohon tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Wato shekaru ɗari shida ke nan ana wannan ɗinki a nan, da allura da hannu, ba keke ba wutar lantarki. Abin da ya tare kibiya a filin daga ba zai gagara a kan gado ba.

To me ake tsoro? A ganina abu biyu ne: kuɗin yadi da idon baƙi. Yadin da aka sayo daga Kantin Kwari ko kasuwar Shuwarin ba abin wasa ba ne a wannan zamani, kuma almakashi ba ya dawo da abin da ya yanka. Ranar Sallah kuwa ɗaki cike yake da 'yan yawon Sallah, dangin miji na zaune a bakin gado suna shafa zanen. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Wannan ta gida ce.

Amma matsalar da ke ɓata aikin sananniya ce, kuma tana da dalili. Haƙoran keke, ko Butterfly ne ko Singer, yadin ƙasa kawai suke ja. Ƙarfen da ke danne yadi daga sama shi kuma riƙe na saman yake yi. A ɗinkin riga ba a lura, don yadin ba kauri. Da an sa soso ko auduga a tsakani, sai na ƙasa ya riƙa yin gaba, na sama yana baya. Kafin a kai ƙarshen zane mai tsawon mita 2, sai a ga ya tattare, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Mai ɗinki ta ɗauka hannunta ne ba shi da kyau, alhali keken ne yake aikinsa yadda aka ƙera shi.

Maganin yana farawa tun kafin a hau keke. A wanke yadin a goge, domin na auduga yakan ɗan tsuke a wankin farko. A shimfiɗa na ƙasa a kan tabarma ko siminti mai tsabta, a ɗora ciko, a rufe da na sama, kuma a bar na ƙasa da cikon su ɗara na sama da kamar inci 2 ta kowane gefe. Sannan a kama su ukun da ɗinkin hannu mai tsalle-tsalle, da zare mai launi daban wanda za a zare daga baya, tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi. Wannan ne matakin da ake ƙyashi, don yana cin yini, yana sa ciwon baya. Shi ne kuma rabin aikin. A zana layukan da alli, a sa allura mai lamba 14 ko 16, a ƙara tsawon ɗinki, a ɗan sassauta danniyar ƙarfen. A fara daga tsakiya ana fita gefe, yadda duk rarar yadi za ta gudu waje maimakon ta taru a ciki. Kada a ja yadin, a tallafe shi kawai.

Kada kuma a koya a kan yadin Sallah. Teloli kan share ƙyallaye buhu-buhu a irin wannan lokaci. A roƙo ko a saya da araha, a yi rigar filo ɗaya da soson da za a yi amfani da shi. A nan za a gane ko zaren ƙwarƙwaro ya yi tauri, ko allura na tsallake. In rigar filon ta karkace, yara su samu abin kwanciya. Kuma a yi wannan kafin azumi ya yi nisa. Goman ƙarshe lokacin ibada ne da soye-soye, ido ya gaji, hannu na rawa.

Sai batun kaurin ciko. Sallah na matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallar 2025 ta faɗo a ƙarshen watan Maris, lokacin da zafin Jigawa ya fara tsanani, ba mai son bargo. A irin wannan yanayi ciko marar kauri ya fi, ya kuma fi sauƙin shiga keke ga mai koyo. Nan da 'yan shekaru Sallar za ta koma cikin hunturu, sannan mai kauri zai yi kasuwa, a kuma nemi waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa.