Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa

Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tarin gajerun labarai ne na Hausa da aka buga cikin juzu'i uku a birnin Belfast, wanda yanzu yake Ireland ta Arewa. Juzu'i na ɗaya da na biyu sun fito a shekarar 1911, na uku kuma a 1913. Sunan da ke bangon littafin shi ne na Frank Edgar, wani jami'in mulkin mallaka na Ingila da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, amma malamai Hausawa ne suka rubuta labaran da ajami, yawancinsu daga lardin Sakkwato. Aikin Edgar shi ne tarawa da tsarawa da mayar da rubutun zuwa boko. Masu nazarin adabi suna ƙirga shi cikin mafi girman tarin rubutun zube na Hausa da aka samu a farkon ƙarni na 20.

Sunan littafin ma ya nuna zamaninsa. Da yau aka buga shi da an rubuta Littafin Tatsuniyoyin Hausa.

Yadda aka tara shi

Sojojin Lugard sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Daga nan aka naɗa Manjo John Alder Burdon ya zama Razdan na Sakkwato. Burdon yana jin Hausa, kuma a shekarun da ya yi a can ya riƙa sa malamai suna rubuta masa tatsuniyoyi da labaran sarakuna da na yaƙe-yaƙe. Wajen 1910, lokacin da zai bar Najeriya, waɗannan takardu suka koma hannun Edgar, shi kuma ya ƙara da nasa ya shirya su domin bugawa.

Ba don Hausawa aka yi littafin ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta wajabta wa jami'anta cin jarrabawar Hausa, su kuwa ba su da isasshen abin karantawa da baƙaƙen da suka sani. Shi ya sa aka buga shi da Hausa zalla, ba tare da fassara ba, domin Bature mai koyo ya sha fama da shi. A wancan lokaci masu karanta boko cikin Hausawa ba su taka kara sun karya ba, tunda sai a 1909 ne Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a Kano.

Abin da ke ciki

Duk da sunansa, ba tatsuniya kaɗai ke cikin littafin ba. Akwai karin magana da kacici-kacici da wasiƙu da bayanan al'adu. Labaran kuwa ɗaruruwa ne, kuma sun kasu gida biyu kamar yadda Bahaushe ya saba raba su: tatsuniya, wadda kowa ya san ƙage ce, da labari, wanda mai faɗa yake ba da shi a matsayin abin da ya auku.

A ɓangaren tatsuniya ana samun taurarin da aka sani: Gizo da matarsa Ƙoƙi, Kura mai kwaɗayi da tsoro, Dila malamin daji, Zaki, da Dodo. Akwai kuma labaran zolaya a kan ƙabilu da masu sana'a, irin su Bamaguje da Bafillace da Buzu da Bagwari, da malami da wanzami. Mai karatu na yau zai iya jin wasunsu sun yi kaushi. Sai dai da yawansu sun fito ne daga wasan barkwanci da ke tsakanin al'ummu, kamar na Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zazzagawa, inda kowane ɓangare ke da nasa labarin ramuwa. Akwai kuma wani nau'i da ba a rufe shi da hukunci: a kawo mutum uku, kowanne ya yi wata bajinta ko wata wauta, sai a bar wa masu sauraro su yi gardamar wanda ya fi.

Ɓangaren labari ya fi karkata ga tarihi, musamman jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da sarakunan da suka biyo baya, da shari'o'in alƙalai masu hikima. Masana tarihi suna amfani da su da taka-tsantsan, domin malaman da suka rubuta sun san wanda zai karanta, wato Baturen da bai daɗe da cin ƙasarsu da yaƙi ba.

Daga baki zuwa takarda

A daidai wannan zamani gajeren labari yana tashe a Turai da Amurka. Guy de Maupassant ya rasu a 1893, Anton Chekhov a 1904, O. Henry a 1910, kuma dukkansu sun yi suna ne ta hanyar jaridu da mujallu, kowane labari da sunan mai shi. Labaran da ke cikin tarin Edgar ba su da mai su ta wannan fuska. Wanda ya rubuta ya ji ne a bakin wani, shi ma ya ji a bakin wani.

Amma rubutawar ta sauya su. A gidan Bahaushe tatsuniya, ko gatana kamar yadda ake cewa a ƙasar Sakkwato da Zamfara, aikin dare ce, kuma galibi tsofaffin mata ne ke yi wa yara bayan an ci tuwo. Mai yi tana sauya murya idan Gizo zai yi magana, tana rera waƙar da ke tsakiyar labarin, yara suna amsawa. Waɗanda suka rubuta wa Burdon da Edgar kuwa maza ne, malamai, waɗanda alƙalaminsu ya saba da wasiƙar sarki da littafin fikihu. Takarda ba ta ɗaukar karin waƙa, ba ta ɗaukar tsamin bakin Gizo yadda kunne ke jin sa. Abin da ya rage shi ne ƙashin labarin, a gajarce, jimla na bin jimla da “sai” da “shi ke nan”. Wannan gajartar ta zama salo mai zaman kansa, kuma ba laifi ba ne a kalli malaman a matsayin marubutan zube na farko-farko a Hausa, ko da yake ba sunansu ne a bango ba. Kafin su, abin da aka fi rubutawa da Hausar ajami waƙa ce ta wa'azi da ta madahu, zube kuwa Larabci aka fi ba shi.

Harshe da rubutu

Ga mai nazarin harshe nan ne littafin ya fi daraja. Daidaitacciyar Hausa da ake koyarwa a makaranta an gina ta ne a kan karin Kano, tarin Edgar kuwa ya riga wannan daidaitawa, kuma da yawan labaransa suna ɗauke da Hausar yamma. Wannan kari yana da alamomin da ba sa ɓuya. Inda Bakano zai ce suka, muka, kuka, mutumin yamma zai ce sunka, munka, kunka. Yana ya koma shina, tafi ya koma tahi, fara ya koma hwara, 'ya ta koma ɗiya. Maimakon ne da ce, sai na da ta. Ana kuma ninka baƙin farkon aikatau a wasu wurare, kamar yat tahi ko tac ce.

Ƙasashen Zurmi da Ƙaura Namoda da Shinkafi duk suna cikin lardin Sakkwato a zamanin Burdon, kuma sun ci gaba da zama ƙarƙashin Sakkwato har ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara. Mutumin Gurbin Ɓore, a ƙaramar hukumar Zurmi kusa da iyakar Katsina, idan aka karanta masa irin wannan Hausa a bayyane zai ji ta kusa da ta gidansu fiye da yadda ɗan birnin Kano zai ji ta. Siffofin da malamin makaranta ke ja wa ɗalibi jan biro a kansu yau, ga su nan a buge cikin littafi tun 1911.

Matsalar ita ce rubutun. Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo boko. Kafin nan kowane marubuci da dabararsa, wani ya sa ɗigo, wani ya sa waƙafi a sama, wani ya bar su haka nan, har kafa da ƙafa su zama ɗaya a ido. Ajami yana nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya, boko ba ya nunawa, saboda haka gari na zama da gari na tuwo sun bambanta a takardar malam amma sun haɗu a littafin Edgar. Ajamin ma da nasa gibin, domin sau da yawa harafi ɗaya ke wakiltar b da ɓ. Karin sauti kuwa babu wanda ya nuna shi cikin biyun. Rabon kalmomi ma bai zauna ba tukuna, shi ya sa ɗalibi kan yi tuntuɓe a shafukan farko kafin idonsa ya saba.

Takwarorinsa

Edgar ba shi ne na farko ba. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, kuma da yawan abin da ke ciki ya fito ne daga bakin Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. A 1909 Landeroin da Tilho sun fitar da nahawu da tatsuniyoyin Hausa da Faransanci. A 1913 R. S. Rattray ya buga juzu'i biyu na labaran da Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana yanzu, kuma shi ya kyauta, domin ya ambaci malamin, ya buga ajaminsa kamar yadda hannunsa ya rubuta, da boko da Turanci a tare. A. J. N. Tremearne ma ya fitar da tatsuniyoyi 100 cikin Turanci a wannan shekarar. Can a Kete-Krachi kuma, Alhaji Umaru, mutumin Kano da ya rasu a 1934, ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanai masu yawa da ajami.

Ƙagaggen labari mai ɗauke da sunan marubucinsa Bahaushe sai bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya biyo baya daga 1937.

Fassara da adana takardun

Littafin ya daɗe ba a sake buga shi ba, kwafinsa suka yi wuyar samu. Neil Skinner, wanda ya yi aikin ɗab'i a Zariya kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, shi ya farfaɗo da shi. A 1968 ya fitar da zaɓaɓɓun labarai domin masu koyon Hausa, sannan ya fassara tarin zuwa Turanci da sunan Hausa Tales and Traditions. Juzu'in farko ya fito a Landan a 1969 da gabatarwar M. G. Smith, sauran biyun a 1977. Skinner bai bi jerin Edgar ba, ya sake kasa labaran bisa jigo, na dabbobi a wuri guda, na zolaya a wuri guda, na tarihi a nasu. Yawancin masu ambaton tarin a yau wannan fassara suka karanta, kuma fassara ba ta ɗauko sunka ko shina.

Takardun ajami na tarin Edgar suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda ke son kwatanta Hausar Zamfara ta yau da ta shekara ɗari da suka wuce, su ya kamata ya nema, domin bokon da aka buga a Belfast ya bi ta kunne da hannun mutumin da Hausa ba harshensa na gado ba ne.