Tsakanin Faifai Da Dandali: Waƙoƙin Magabata A Bakin 'Yan Baya

A 'yan shekarun nan wata muhawara ta kunno kai a tsakanin masu sha'awar waƙoƙin gargajiya, wato ko ya dace matasan mawaƙa su riƙa ɗauko waƙoƙin su marigayi Alhaji Mamman Shata da Alhaji Musa Ɗanƙwairo suna sake rera su da fiyano a ɗakunan haɗa sauti. Wasu na ganin hakan ɓarna ce da rashin ladabi ga magabata, wasu kuwa na cewa in ba don haka ba da yaran yanzu ba su san waɗannan waƙoƙi ba sam. A matsayina na malamin kimiyyar harshe, wanda kuma kunnensa ya saba da kalangu da kotso tun yana ƙarami, ina ganin kafin a yanke hukunci ya kamata mu fara sanin wace ce waƙar ta asali da ake cewa ana ɓatawa.

Mu ɗauki Bakandamiyar Shata, wadda ita ce ta fi kwanta mini a rai cikin waƙoƙinsa. Duk wanda ya saurari wadda aka ɗauka a gidan rediyo, sannan ya saurari waɗanda aka ɗauka a wuraren biki ko gidan talabijin, zai tarar gindin waƙar ne da kiɗan kawai ba su sauya ba. 'Ya'yan waƙar kuwa kullum cikin tafiya suke: garuruwan da ya lissafa yau, gobe sai ya ƙara wasu, kirarin da ya yi wa kansa a nan, a can sai ya tsawaita shi ko ya gajarta. Shata bai zauna ya rubuta waƙa ya haddace ba, a tsaye yake gina ta, yana duban fuskokin jama'a. Wannan baiwa ce ta sa Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Saboda haka abin da muke riƙe da shi a kaset, muna cewa shi ne asali, waƙar rana ɗaya ce cikin ranaku masu yawa.

Abin da ya sa nake fifita waƙoƙin da aka ɗauka a dandali ke nan, duk da hayaniya da ƙarar lasifika. A cikinsu za ka ji sanƙira ya yanke kiɗa ya sanar da kyautar wane, riga ko doki ko mota, kafin ka ankara kyautar da mai ita sun shiga waƙa. Za ka ji guɗar mata ta ratsa tsakanin ɗa da ɗa. Za ka ji mawaƙi ya hango wani da ke tsakaninsu da 'yar tsama ya sakar masa habaici, taro ya ɗauka da shewa. Jama'ar da ke wurin suna da hannu a ginin waƙar, kuma wannan hannun ne faifan ɗakin ɗaukar sauti ba ya iya kamawa.

Kowane mawaƙi kuma da yadda yake tafiyar da dandalinsa. 'Yan amshin Shata gindin waƙa suke maimaitawa, su bar masa fili ya yi ta zuba. A wajen makaɗan kotso irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa da Ɗanƙwairo na Maradun abin ya sha bamban: jagora ya fara ɗa, yaransa su karɓe su ƙarasa masa, har su yi ƙari, muryoyi suna hawa kan juna kamar saƙar tabarma. Ɗanmaraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, amma a waƙoƙinsa na zaman aure sai ya sauya murya ya zama miji, ya sake sauyawa ya zama mata, har ka rantse mutum uku ne a fagen. Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya da amshin mata ta riƙe gidajen biki shekara da shekaru.

To, idan mai waƙa da kansa bai taɓa rera ta iri ɗaya sau biyu ba, ba ni ganin laifin matashin da ya ɗauko ta ya sake rerawa. Ai sake rerawar nan tsohuwar al'ada ce. Bayan rasuwar Ɗanƙwairo a 1991 'ya'yansa sun ci gaba da waƙoƙinsa a fadoji, ba wanda ya ce sun yi sata, gado aka kira shi. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yin abin, kuma a nan ina da ƙorafi uku.

Na farko, karin sauti. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya da tsawon wasali ke bambanta ma'ana a cikinsa. Kukan yaro daban, kukar miya daban, a baki ba a rubuce ba. Haka gari na zama da garin tuwo. Kalangu na bin wannan hawa da sauka ne, domin makaɗi na matse tsirkiyoyinsa a hammata yana sassautawa, shi ya sa ake cewa kalangu na magana. Kiɗan fiyano da aka ɗaure a kwamfuta kuwa ba ya jiran kowa. Sai ka ji mawaƙi ya ja gajeren wasali, ya danne mai tsawo, don kalma ta shiga awon da na'ura ta yanka masa. Na ji wani yaro mai zaƙin murya a wani biki ya rera wata waƙar Shata haka. Matasa na ta rawa, dattawan da ke gefe kuwa sai kallon juna suke, don kalmomin sun fita daga kamanninsu.

Na biyu, karin harshe. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Hausar yamma suka yi waƙa, inda ake cewa shina da wanga da zaka. Mai sake rerawa ya mayar da su yana da wannan da zo, a ganinsa gyara ya yi, alhali ya sauya yawan gaɓoɓi da nauyinsu, ɗan waƙa ya gurgunce. Na uku, ambaton mai abu. Mawaƙan da sukan faɗi wanda suka gada ko suka koya a wajensa. Wanda ya ɗauki waƙar wani ya saka a intanet ba tare da ya ambaci sunansa ba, balle ya nemi iyalansa, ya ci haƙƙi komai daɗin muryarsa.

Shawarata ga matasan mawaƙa ita ce su nemi waƙa ɗaya a ɗauka daban-daban su saurara, su gane abin da ke tsaye a cikinta da abin da ke tafiya. Su riƙe gindi da karin harshe yadda suka same su, sannan su zuba nasu 'ya'yan a kan al'amuran zamaninsu, kamar yadda Shata ya waƙe kumbon Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969. Su kuma zauna da makaɗan kalangu da kotso da suka rage, tun suna raye.

Akwai kuma nauyi a kanmu mu malaman jami'a da hukumomin gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna da ya fara aiki tun 1962. Tsofaffin faya-fayai da kaset ba sa jure zafi da ƙura har abada. A kwashe su zuwa na'urorin zamani, a rubuta wuri da shekarar da aka ɗauki kowace waƙa, a buɗe wa ɗalibai da mawaƙa ƙofa. Shata ya rasu a 1999, yana kwance a Daura. Abin da ya rage mana na ranakun dandalinsa yana cikin waɗannan akwatuna, kuma wanda duk ya lalace ba mai sake rera mana shi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu iya riƙon abin da suka bari.