Kobar, kurkukun da ya girmi Mai Wurno

A ƙauyukanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, in aka ce an kai wane Kobar, sai ka ji gida ya ɗauki salati. Ni kuwa shekarar gininsa ce ke tsaya mini a rai: 1903, shekarar da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, kakanninmu suka yo gabas. Wato sun guje wa Nasara, suka tarar ya riga su kafa kurkuku a Bahri.

Irin wannan tsaro a Ingila suka koyo shi. Kurkukun Fentonbil na Landan, da aka buɗe a 1842 zamanin Sarauniya Biktoriya, ɗaki 520 ne, an jera su reshe-reshe daga tsakiya don gandiroba ɗaya ya hango ko'ina. Kowa ɗakinsa, ba magana. In za a fito shan iska, sai an rufe fuska. Wasu har suka zautu. Ga Bahaushe, da ko tuwo ba ya ci shi kaɗai, ai bulala ta fi sauƙi.

Nasara ya tafi a 1956, bai tafi da makullin ba. A Kobar aka rataye Mahmud Muhammad Taha a 1985, nan kuma aka kulle al-Bashir a 2019.