Koyon zane: mu fara da macijin Kusugu

Iyaye, yaranmu a nan Kwaya na kwaikwayon zanen miyagun da suke gani a waya, alhali muna da namu. Ku tuna Sarki, macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya kashe shi.

To, da gawayi ko fensir, a fara zana bakin rijiya. Macijin ya fito ya cika rabin takarda, idonsa a ƙanƙance, haƙora masu tsini. A ƙasa, a zana mata ƴan mitsi-mitsi riƙe da tuluna babu ruwa. Su ke nuna muguntarsa, don ba a gane mugu sai an ga wanda ya cuta.

Ƴan uwa na waje, ku haɗo fensir da takarda cikin tsaraba.