Ɗan Fili da Ƙwaro: Abin da Ke Hana Masu Rubuta Manhaja Barci

Ɗauki alƙalaminka ka rubuta waɗannan jimloli biyu: "Ladi ta fi Audu tsawo" da "Ladi, tafi gida." Dubi "ta fi" da "tafi" da kyau. Haruffansu ɗaya ne. Abin da ya raba su ɗan fili ne da bai kai faɗin ƙwayar gero ba, amma a jimla ta farko ana gwada tsawo ne, a ta biyu kuwa ana sallamar Ladi. Haka kuma "baki" da "baƙi": lanƙwasa guda ce ta raba bakin da kake cin abinci da shi da baƙin da suka sauka a gidanku. Duk lokacin da nake duba takardun jarrabawa, a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa jan birona yake ƙarewa, har ɗalibai kan ce na cika tsanani. To, akwai masu sana'ar da suka fi ni tsanani nesa ba kusa ba, su ne masu rubuta manhajar kwamfuta.

Manhaja jerin umarni ne da mutum ya rubuta wa na'ura, layi bayan layi. WhatsApp da ke cikin wayarka manhaja ce, haka ma abin da ke nuna wa ɗalibai tambayoyi a jarrabawar JAMB. Ana rubuta umarnin da harsuna na musamman. Daga cikinsu akwai C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Amurka a farkon shekarun 1970, da Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991.

Kowace manhaja tana da masu karatu biyu: na'ura da mutum. A harshen C, na'ura ba ta damu da yawan filin da ka bari a farkon layi ba. Kana iya cusa umarni ɗari a dogon layi guda, ta karanta ba gardama. Mutum kuwa ba zai iya ba. Shi ya sa masu wannan sana'a suke tura wasu layuka ciki, nesa da gefen hagu, don ido ya gane nan take cewa wannan umarni yana ƙarƙashin wancan. Misali, layi ya ce idan kuɗin asusu ya isa, sai layukan da ke ƙasansa su ɗan shiga ciki: cire kuɗi, aika saƙo, buga rasit. Kowa ya yarda a tura layi ciki. Rigimar ita ce, da me za a tura shi, kuma taku nawa?

Ɓangare ɗaya ya ce a danna maɓallin Tab, wanda yake gefen hagu na madannai, sau ɗaya tak. Hujjarsu ita ce kowa yana iya saita kwamfutarsa ta nuna faɗin da idonsa yake so, har mai raunin gani ya faɗaɗa nasa. Ɗaya ɓangaren ya ce a bar fili irin na dogon maɓallin nan da muke raba kalmomi da shi, domin shi faɗinsa ba ya canzawa, abin da ka gani a kwamfutarka shi abokin aikinka zai gani a tasa. Su ma masu fili ba su zama baki ɗaya ba: wasu biyu suke bari, wasu huɗu. Littafin ƙa'idar Python da ake kira PEP 8, wanda aka rubuta a 2001, ya zaɓi huɗu. Linus Torvalds, mutumin Finland da ya fara Linux a 1991, ya tsaya a kan Tab mai faɗin haruffa takwas. Dalilinsa shi ne, wanda ya kwana yana kallon allon kwamfuta ya fi saurin ganin fili mai faɗi. Ana kuma jayayya a kan tsawon layi. PEP 8 ya ce kada ya wuce haruffa 79, al'adar da ta samo asali daga katin kwali mai gurabe 80 wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1928, ana huda shi don shigar da bayanai cikin na'ura. Katin ya daɗe da bacewa, amma ma'auninsa yana nan.

Idan ka tambaye ni, babu ɓangaren da ya fi wani gaskiya. Abin da yake da illa shi ne gaurayawa, kamar ɗalibin da ya rubuta "ɗaki" a sakin layi na farko, "daki" a na biyu. Python ma ba ya lamuntar haka, domin a wurinsa filin farkon layi nahawu ne. Idan ka cakuɗa Tab da fili ta hanyar da ma'ana ta rikice, sai ya ƙi aiki. Masu harshen Go, wanda kamfanin Google ya bayyana a 2009, sun kashe maganar ta wata hanya. Sun haɗa harshen da wata 'yar manhaja mai suna gofmt, wadda take gyara rubutun kowa ya koma fasali ɗaya, ko yana so ko ba ya so.

Wataƙila ka ce wannan duk hayaniyar marasa aikin yi ce. Saurari abin da ya faru a watan Fabrairu na 2014. Kamfanin Apple ya fitar da gyara na gaggawa ga wayoyin iPhone, daga baya kuma ga kwamfutocin Mac. A cikin manhajarsu akwai sashen da aikinsa shi ne tabbatar da cewa shafin intanet da ka buɗe, misali na banki, na gaskiya ne. Sashen yana yin bincike ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙarƙashin kowane bincike akwai layi mai kalmomi biyu, "goto fail", ma'ana idan an sami matsala, a bar sauran aiki a tsallaka ƙarshe. A wuri guda, layin ya fito sau biyu a jere. Duka biyun an tura su ciki daidai da juna, saboda haka ido yana ganin kamar duka suna ƙarƙashin sharaɗin "idan an sami matsala." Amma a nahawun C, layi na farko kaɗai sharaɗin ya ɗaure, sai fa idan an kewaye layukan da baka biyu masu lanƙwasa, kuma ba a kewaye su ba. Layi na biyu ya zama sakakke. Kullum sai na'ura ta bi shi, ta tsallake bincike na ƙarshe, ta kuma ce komai lafiya. Ɓarawon da yake kan layin intanet ɗaya da kai, a otal ko a tashar jirgi, yana iya shigar burtu ya fito maka a matsayin bankinka. Na'ura ba ta yi kuskure ba, abin da aka rubuta ta karanta. Idon mutane ne filin ya yaudara, kuma kuskuren ya yi watanni yana zaune.

Irin wannan kuskure shi masu sana'ar suke kira ƙwaro. Sunan tsoho ne, domin Thomas Edison ya yi amfani da shi ga matsalolin na'urorinsa tun a shekarun 1870. Amma labarin da ya fi shahara na ranar 9 ga Satumba, 1947 ne. Ma'aikatan kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard, inda Grace Hopper take aiki, sun tarar da ƙwaro na gaske, irin mai fukafukai da ke zagaya fitila da dare, ya maƙale a cikin na'urar. Suka ciro shi, suka manna shi a littafin aiki. Littafin yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington.

Da ma kowane ƙwaro yana da fukafukai, da aiki ya yi sauƙi. Wanda ya fi damun mai koyo shi ne waƙafi mai ruwa. A C da Java shi ne yake rufe umarni, kamar yadda aya take rufe jimla. Ka manta guda ɗaya, manhaja ta ƙi tashi, kuma wani lokaci na'ura ta nuna maka layin da ke ƙasa, ka yi ta bincike a inda babu laifi. Sai alamar daidai: guda ɗaya tana nufin "mayar da wannan ya zama kaza," guda biyu a jere suna nufin "shin wannan daidai yake da kaza?" Sai ƙidaya: a yawancin harsunan nan daga sifiri ake farawa, don haka a jerin ɗalibai 40, na ƙarshe shi ne lamba 39. Wanda ya nemi lamba 40 ya ƙwanƙwasa ƙofar da babu ɗaki a bayanta.

Waɗannan ma da sauƙi, tun da sau da yawa na'ura tana yin ƙorafi. Mugun ƙwaro shi ne mai shiru. Manhaja ta yi aiki lami lafiya a kwamfutar wanda ya rubuta ta, ta je hannun mai saye ta tsaya cik. Ko ta lalace sau ɗaya a mako, ka zauna kana jiran ta da idanu biyu, ta ƙi lalacewa. Ko ka kashe ƙwaro ɗaya da azahar, kafin la'asar gyaran naka ya haifi biyu.

Me ya sa mutum yake kasa ganin kuskurensa? Kai ma ka sani daga darasin insha'i. Idan kana karanta abin da ka rubuta, abin da ka yi niyyar rubutawa kake gani, ba abin da ke kan takarda ba. Saboda haka masu manhaja suke ba juna aikinsu a duba kafin a sake shi. Suna kuma da wata dabara mai ban dariya, wadda littafin The Pragmatic Programmer na Andrew Hunt da David Thomas ya yaɗa a 1999. Mutum ya ajiye 'yar agwagwar roba, irin ta wasan yara, a kan teburinsa. Idan ƙwaro ya gagare shi, sai ya yi wa agwagwar bayanin manhajar da babbar murya, layi bayan layi, ba ya tsallake ko ɗaya. Baki ba ya gudu kamar ido, kuma tilas ya faɗi abin da kowane layi yake yi. Sau da yawa a tsakiyar bayanin sai ya ji da kunnensa inda maganar ta karkace.

Wanda ba shi da agwagwa yakan kamo abokin aiki. Ya ja shi gaban allo, ya fara: "Ka ga nan muna karɓar suna, nan kuma muna..." Sai ya yi shiru, ya dafe kai, ya ce, "Ya isa, na gode ƙwarai." Abokin ya koma kujerarsa bai furta ko kalma ɗaya ba.