Wahalar Hanya Zuwa Duwatsun Birnin Kudu

Masu hawan duwatsu sun ce isa gindin dutse ya kan fi hawansa wuya. Wanda ya ke nufin hawan babban dutsen tsibirin Fanando Fo, wanda yanzu a ke kira Biyoko, mai tsawon ƙafa kusan 10,000, tilas ya ƙetare teku tukuna, sa'an nan ya nemi izinin hukuma da jagora. Mu nan ba mu da teku, amma muna da duwatsu a tsaye tsakiyar fili kamar tsibirai, musamman a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Su ma zuwa gare su sai da shiri.

Abin da ya kai mu can kuwa shi ne zane-zanen mutanen da, waɗanda ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Hotunan shanu ne, galibi da jan launi, waɗansu masu dogayen ƙahoni, kuma ba su da tozo irin na shanun Filani na yau. A 1956 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ba duniya labarin duwatsun nan na Birnin Kudu masu ƙara kamar ƙararrawa in an buga su. Abin kunya ne a ce mun yaye malamin da ya san labarin Ingila, bai san abin da ke bayan gidansa ba.

To, ga yadda ta kasance da mu. Daga Kano zuwa Birnin Kudu wajen mil 80 ne, ta Wudil. Muka ɗauki ɗaliban kwalejin horon malamai a motar haya, muka yi sakaci ba mu duba lafiyarta ba. Ta lalace a hanya, tilas muka kwana a Kangire, inda mutanen gari suka karɓe mu da fura da tabarmi, Allah ya saka musu da alheri. Kashegari ba mu isa gindin dutse ba sai da rana ta take. Dutse ya yi zafi har ba ya taɓuwa, ruwan da muka riƙo ya ƙare, ɗalibai biyu jiri ya ɗebe su. Muka juyo ba mu ga kome ba. Laifin namu ne, ba na yara ba. Sai a rana ta uku, da muka fita bayan sallar asuba tare da jagora ɗan gari, muka ga abin da muka zo gani.

Saboda haka muna ba malamai da akawuna shawara. Da fari a zaɓi lokaci. Da damina dutse yana da santsi, ciyawa ta yi tsawo, ga macizai. Da bazara zafi ba ya barin mutum ya wuce hantsi. Bayan kaka, cikin hunturu, shi ne daidai. Sa'an nan a rubuta wa hakimi takarda tun da wuri, a kuma sanar da ma'aikatan hukumar kayan tarihi ta ƙasa, don wuraren nan a hannunta su ke. Akawun da takardar nan ta zo hannunsa kada ya bar ta ta kwana a tebur, gama jinkirinsa ya kan ɓata shirin makaranta guda. Kowane yaro ya riƙe gorar ruwansa, ya sa takalmin roba, a kuma yi hattara da ƙudan zuma a bakin koguna.

Abu na ƙarshe shi ne ladabi. Kada yaro ya shafa zanen da hannu, ko ya rubuta sunansa da gawayi a gefensa. Abin da ya jure wa rana da ruwa tun kakannin kakanni, hannun yaro ɗaya ya isa ya ɓata shi cikin yini guda, ba kuwa mai iya mayar da shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.